Adireshin Rumfar Malam Ashafa

Malam Ashafa baduku ne a kasuwar Ƙofar Wambai, a layin masu kayan fata. Gafakar Alƙur'ani yake ɗinkawa, da tumtum, da jakunkunan mata, da takalma idan an ba shi aikinsu. Rumfar ta mahaifinsa ce, ya gaje ta tun yana saurayi, yanzu kuwa ya haura sittin da biyar. Gidansa yana Shahuci, a wani lungu da mota ba ta shiga, kuma kullum da ƙafa yake zuwa kasuwa ya dawo.

'Ya'yansa biyu da matarsa Uwani. Ƙaramar, Sa'ida, tana aure a Ƙofar Nassarawa, tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Duk Asabar takan zo gida ta wuni. Babban kuwa, Zaharaddeen, shekara tara ke nan rabon da a gan shi a Kano.

Abin da ya raba su ba wani babban abu ba ne a idon wanda ba ya ciki. Zaharaddeen ya gama difloma, bai sami aiki ba, yana zama a rumfa yana taya mahaifinsa jiran kaya. Ɗinki bai taɓa shiga ransa ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne yadda za a sa kayan a intanet, mutanen Legas da na ƙasashen waje su gani su saya. Ya yi ta ɗaukar hotuna, yana yi wa mahaifinsa bayani, har ran nan ya kawo maganar a daidai lokacin da Malam Ashafa ya ɓata wata jar fata mai kyau, ransa a dagule. A gaban maƙwabtan rumfa ya ce masa wanda bai iya riƙe basilla ba shi ne zai koya masa sayar da fata? Ya tashi ya ba shi wuri. Dukawan da ke kusa suka yi dariya. Zaharaddeen ya tashi ya ba shi wurin. Bayan mako guda ya hau motar Legas.

Shekara biyu yana kiran mahaifiyarsa, daga Legas, daga baya daga Kwatano. Sannan lambar ta daina shiga. Wani ya ce ya gan shi a tashar mota a Lome, wani ya ce ya ji labarin ya bi masu tsallaka sahara. Aka yi cigiya, aka yi saukar Alƙur'ani, aka gaji aka zuba wa sarautar Allah ido. Uwani, da yake ɗan farinta ne, dama ba ta kama sunansa. Sai ya zama a gidan babu mai kama sunan gaba ɗaya.

Wata Asabar da safe, bayan an karya kumallo, Malam Ashafa ya ba Sa'ida labarin wata mata da ta zo daga Abuja. Mahaifiyarta tsohuwar mai sayen kayansa ce, ita kuma sunansa kawai ta riƙe. Ta rubuta sunan a waya ba ta ga komai ba, ta yi awa guda tana zagaya kasuwa kafin wani ya nuna mata rumfar. Ya ce matar ta yi masa faɗa kamar ita ta haife shi. Daga nan ya tambayi Sa'ida ko za ta iya yi masa abin nan na intanet. Ta ce za ta iya.

Har ya kai bakin zaure yana sa takalmi, ya juyo.

"Idan an yi, wanda yake wata ƙasa ma zai iya gani?"

"Ko'ina yake, Baba, in dai ya nema."

Ya gyaɗa kai ya fita. Sa'ida ta dubi mahaifiyarta, ita kuma ta ci gaba da kwashe kwanuka ba ta ɗago ba.

Sa'ida ta ɗauki aikin da gaske. Ta sayi sabon littafi ta zana yadda shafin zai kasance: fuska ɗaya ta kaya, ɗaya ta tarihin rumfar, ɗaya ta yadda za a same su, da taswira da lambar waya. Ta yi wa mahaifinta bayani cewa gina shafi daban, a same shi daban. Mutum ba ya zuwa shafinka don kawai ka gina, sai ya rubuta abin da yake nema a Google, shi kuma ya kawo masa shafukan da ke ɗauke da irin kalmomin nan. Don haka sai sun san sunan da masu saye ke kiran kowane kaya da shi. Ta yi Asabar biyu tana zaune a rumfa a kan benci, tana sauraron ciniki tana rubutawa. Wasu gafaka suke cewa, wasu jakar Alƙur'ani. 'Yan kudu suna da nasu sunan na Turanci da suke kiran tumtum, shi ma ta rubuta. Malam Ashafa ya ƙi yarda a sa farashi, ya ce ciniki magana ce tsakanin mutum biyu, ba a liƙa shi a bango. Suka yi ta ja, a ƙarshe ya yarda a sa na gafaka kaɗai.

Hotunan a tsakar gida ta ɗauke su, da hantsi, a kan farin zanin gado na Uwani. Ta ɗauki fiye da ɗari, ta zaɓi talatin.

Sai maganar adireshi, wato sunan da za a rubuta a kai ga shafin kai tsaye. Ranar Laraba ce, tana ofishin malamai bayan an tashi, ta shiga wurin da ake yin rajistar irin waɗannan sunaye ta rubuta ashafabaduku. Aka ce mata an riga an kama. Ta ɗauka kuskure ta yi, ta sake rubutawa, amsar dai ita ce. Ta san akwai masu kama sunaye su ajiye don su sayar daga baya, amma wa zai damu da sunan wani baduku a Ƙofar Wambai? Ta buɗe adireshin don ta ga abin da ke ciki.

Farin shafi ne, babu komai sai hoto ɗaya da layi ɗaya a ƙarƙashinsa: Muna nan tafe in sha Allah. Hoton na hannayen mutum ne suna ɗinka bakin gafaka. A ɗan yatsan hannun dama akwai zoben azurfa mai jan dutse. Sa'ida ta san zoben. Mahaifinta ya cire shi shekara shida da suka wuce da yatsan ya kumbura, yana cikin wani gwangwani a ɗakinsa.

Sai ta duba bayanan rajistar. An ɓoye sunan mai shi, amma kwanakin suna nan. An fara kama adireshin shekara tara da suka wuce, kwana goma sha ɗaya kafin ranar da aka yi abin da aka yi a rumfa. Irin wannan rajistar duk shekara ake sabunta ta, in ba a sabunta ba ta faɗi. Wannan ba ta taɓa faɗuwa ba. Sabuntawar ƙarshe wata huɗu ke nan. Ta yi ƙoƙarin ƙaryata kanta, ta ce ai akan saita katin banki ya riƙa biya da kansa ko mai shi baya nan. Amma babu katin da ke yin shekara tara bai mutu ba. Dole akwai mai rai da ya zauna ya sa sabo.

Ba ta jira Asabar ba. Daga makaranta ta hau adaidaita sahu ta sauka a Shahuci. Ta tarar da Uwani a bakin madafi tana tsintar shinkafa. Ta durƙusa ta nuna mata hoton, ta yi mata bayani a hankali, sau biyu. Uwani ta goge hannu a zani ta karɓi wayar, ta ce a ƙara mata girman hoton. Ta tambaya ko wata huɗu ta ce, Sa'ida ta ce eh. Uwani ta ƙirga da yatsu zuwa baya.

"Ashe ya ga azumin bana," in ji ta.

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta mayar da wayar, ta ɗauki faifan shinkafarta, amma Sa'ida ta lura tsakuwar take mayarwa cikin faifan tana zubar da shinkafar.

Malam Ashafa ya dawo gab da magariba. Ya sa tabarau ya dubi hoton ya daɗe. Abin da kawai ya ce shi ne a lokacin allon yankansa bai tsage ba. Ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Wurin rajistar yana da hanyar da za ka aika wa mai adireshi saƙo ba tare da ka ga sunansa ko imel ɗinsa ba. Ranar Asabar Sa'ida ta buɗe kwamfutarta ta ce wa mahaifinta ya faɗi abin da za ta rubuta. Ya fara da doguwar sallama irin ta wasiƙun da, ya ce a goge. Ya fara wata da nasiha a kan haƙƙin iyaye, ya kai tsakiya ya ce ita ma a goge. Shayinsa ya huce. A ƙarshe abin da aka aika gajere ne: Daga Ashafa. Rumfa tana nan inda ka bar ta. Innarka lafiya lau. Abin da ka ce a yi, ana yi. Sa'ida ta ƙara lambarta da imel ɗinta a ƙasa.

Amsa ba ta zo ba. Sa'ida ta kama wani adireshin, ta ƙara kalmar Kano a ƙarshen sunan, ta ɗora shafin. Makon farko in ta rubuta sunan mahaifinta a Google ba ta ganin komai. Ta yi rajistar shafin a inda ake sanar da injin binciken cewa ga sabon shafi, ta sa rumfar a taswira, ta roƙi sakataren ƙungiyar dukawa ya sa adireshin a shafinsu. A mako na biyar suka ɓullo, can ƙasa inda ba kowa ke kaiwa ba. Ta ci gaba da ƙara rubutu duk mako, yadda ake jeme fata, yadda ake gane gafakar da za ta daɗe, duk daga bakin mahaifinta, da Hausa da Turanci. Kafin wata uku, wanda duk ya nemi gafakar Alƙur'ani a Kano su yake fara gani. Wata makarantar Islamiyya a Ilori ta kira ta ce a ɗinka mata guda ashirin. Malam Ashafa ya ji daɗi, har ya ba maƙwabtansa labari. Amma duk Asabar, in sun gama duba saƙonnin masu saye, sai ya ce, shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Ya ce to, madalla.

Akwai wani wuri a bayan shafin da ke nuna garuruwan da masu ziyara suka shigo daga cikinsu. Yawanci Kano ne da Abuja da Legas, jefi-jefi Jidda ko Landan. Sa'ida ta lura da wani mai ziyara guda ɗaya daga Abijan. Duk Juma'a da rana yake shigowa, ba ya aika saƙo, ba ya tambayar farashi. Yakan bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a fuskar tarihin rumfar, sannan ya fita. Ta yi mako uku tana riƙe da abin a ranta kafin ta gaya wa Uwani, kuma ta ja mata kunne cewa kowa ma zai iya zama, Hausawa sun yi yawa a Abijan. Uwani ta ce ta ji. Daga ranar, duk Juma'a bayan la'asar sai Uwani ta kira ta a waya, su gaisa, ta tambayi maigidanta, sannan ta ce na Abijan ya zo?

Sai Uwani ta fara sa baki a harkar hotuna. Ta ce farin zanin nan ya isa haka, a ɗauki kaya a gindin bishiyar lemon tsamin da ke tsakar gida. Wani makon ta ce a jingina tumtum da ƙofar ɗakin zaure, ɗakin da tun tafiyar ɗanta aka mayar da shi wurin ajiyar fata. Sa'ida ta so ta ce shafin kasuwanci ne, amma dai ta ɗauka. Uwani mace ce da ko a biki ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Ran nan ta sa lalle, ta ɗauki wata jar jaka ta riƙe, ta ce a ɗauki jakar, amma kada fuskarta ta fito.

Kwana tara bayan an sa hoton, Sa'ida ta buɗe tsohon adireshin kamar yadda ta saba yi duk safiya. Farin shafin bai fito ba. Kai tsaye aka wuce da ita zuwa nata shafin. Mai adireshin ya karkatar da shi, duk wanda ya rubuta ashafabaduku yanzu rumfar zai tarar. Da ta duba imel ta ga saƙo daga wani suna da ba ta sani ba. Babu sallama a ciki. An rubuta mata cewa hotunanta sun yi nauyi, mai ƙaramar waya zai gaji da jira ya fita, ta rage girmansu. Kowane hoto ta ba shi suna da bayani, kada ta bar shi da lambar da kyamara ta ba shi. Lambar waya ta dawo sama inda za a gan ta da an buɗe. Abu bakwai aka lissafa mata. A ƙasa, bayan an bar fili, aka rubuta: Hannun wa ke riƙe da jar jakar?

Ta karanta a tsaye a farfajiyar makaranta, ɗalibai suna wucewa suna gaishe ta. Ta rubuta masa: Na Inna ne, Yaya. Sannan ta shiga aji ta koyar da darasin da har yau ba ta tuna abin da ta ce a cikinsa ba.

Haka suka yi wata biyu. Shi ya turo gyara, ita ta yi ta ce ya duba. Bai ba da lambarsa ba, ita kuma ba ta matsa ba, don tana tsoron kada ya sake ɓacewa. A tsakanin maganar hotuna da kalmomin bincike labarinsa ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Gyaran waya yake yi a wata kasuwa a Abijan, shagon ma ba nasa ba ne. Ya yi aure, yana da 'ya mai shekara huɗu, Zaituna. Ya ce da zai tafi ya yi wa kansa alkawarin ba zai dawo ba sai da abin da zai nuna. Da abin ya ƙi samuwa sai kiran wayar ma ya fara yi masa nauyi, kowace shekara ta fi ta baya nauyi, har ya rasa da bakin da zai fara. Adireshin kuwa ya ce shi ma bai san dalilin da ya sa bai bar shi ya faɗi ba. Akwai shekarar da sai da ya sayar da wayarsa kafin ya biya kuɗin sabuntawar.

Duk abin da ya rubuto Sa'ida takan karanta wa iyayen, har da na gyaran shafin, don Uwani ta ce kada a tsallake mata komai.

Wata Lahadi bayan la'asar Zaharaddeen ya kira. Murya kawai, bai yarda da bidiyo ba. Uwani ta shiga ɗaki da wayar ta sakaya ƙofa, ta yi kusan rabin awa. Da ta fito ta miƙa wa maigidanta, wanda tun ɗazu yake zaune a kan tabarma yana juya hularsa a hannu.

"Zaharaddeen."

"Na'am, Baba."



"Maganar da na yi maka a gaban mutane," in ji Malam Ashafa, "ba a wurin ya kamata in yi ta ba. Kuma ba gaskiya ba ce."

Daga can aka ji kuka irin na babban mutum, yana neman gafara, maganar tana kakkaryewa. Malam Ashafa ya ce ya isa, ya yafe duniya da lahira. Ya share fuska da hular. Sannan, da yake bai san abin da zai ƙara ba, ya ce a sa ƙafar yarinyar a kan takarda a zana, a turo wa Sa'ida.

Kwana uku ya yi a kan takalman, jar fata da zaren kore, ya ajiye aikin mutane ya yi su. Ya ƙara musu tsawo kaɗan don yara ba sa jira. Aka ba wani direban motar goro da ke bin hanyar, suka yi kwana goma sha shida kafin su isa.

Zaharaddeen ya ce zai zo da Babbar Salla. Uwani ta sa aka kwashe fatun daga ɗakin zaure aka yi masa fenti. Salla ta zo ta wuce, ya ce takardunsa na tafiya sun mutu, sabuntawar tana ɗaukar lokaci, ga mai shagon ba shi da lafiya. Ya ce ƙarshen shekara in Allah ya yarda. Ba wanda ya yi masa ƙorafi. Shafin yana nan yana tafiya, su biyu ke kula da shi yanzu, ita daga Kano shi daga can, har Malam Ashafa ya fara ba maƙwabcinsa wani aikin saboda ya yi masa yawa.

Abin da ya iso shi ne ɗan gajeren bidiyo. Zaituna ce a wani siririn baranda, sanye da jajayen takalman, sun yi mata yawa tana jan su a ƙasa. Ta zo daf da wayar ta faɗi wata magana tana dariya, sannan ta juya da gudu. Faransanci ne gauraye da yaren uwarta, babu wanda ya gane ko kalma ɗaya a gidan. Sa'ida ta ce bari ta tambayi Yaya fassarar, Uwani ta ce ta bari tukuna. Ta sa aka tura mata bidiyon a tata wayar, aka nuna mata inda za ta danna.

Asabar ɗin da ta biyo baya Sa'ida ta shigo da sallama ba a amsa ba. Ta tarar da mahaifiyarta tana shanya a igiya, ta ba ta baya, tana maimaita maganar yarinyar a hankali, da irin hawa da saukar muryarta, tana gyara inda ta yi kuskure.